Talata, ranar da kunnuwana suka sha wuya

Ƙarfe sha biyu saura na dare nake rubuta wannan, ina kan tabarma a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa, zafin Afrilu ne na Kano wanda ko bango ka taɓa sai ka ji kamar yanzu aka sauke shi daga murhu.

Tun bayan asuba aka fara. Na dawo daga masallaci ina cewa bari in ɗan runtsa kafin bakwai, sai ga mai maganin gargajiya ya faka mota daidai bakin layinmu, lasifika biyu a kan rufi, kaset ɗaya yake ta maimaitawa, basir, sanyin mara, daji, da wasu kalmomin da ba zan iya rubutawa ba, ga yara suna wucewa makarantar allo suna ji. Layin namu gida nawa ne duka-duka? Da baki ma ya yi magana kowa zai ji shi. Abin da ke ci min rai kenan wallahi. Injin markaɗen da ke bayanmu ya fi shi ƙara nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin haushinsa ba, saboda inji ba shi da yadda zai yi, dole ya yi kuka kafin ya niƙa wake. Wanda yake da maɓallin ragewa a hannunsa ya ƙi ragewa, shi ne yake tayar min da hawan jini.

Na hau adaidaita daga Kabuga, mu uku a baya, direba ya ƙure waƙa, sifika tana daidai ƙeyata. Na tsakiyarmu kuma wani bawan Allah, waya ta shigo masa ya saka ta a handsfiri ya riƙe a gaban baki kamar zai ci ƙosai, yana ihu matar tana ihu. Kafin mu kai Ƙofar Famfo na san nawa ake binsa, na san ƙanwar matarsa ta yi yaji, na san wanda ya hana a biya kuɗin makaranta. Da a da ne zan yi tsaki in kau da kai in yi ta ƙunci har in sauka, ko in ce malam don Allah rage murya, a ce min a motar ubanka nake? An taɓa faɗa min haka, shi ya sa. Yau sai na ɗan taɓa shi nace, Yaya, yi haƙuri, sirrin gidanka ne fa duk muna ji. Ya kalle ni, ya kalli ɗayan fasinjan, nan take ya cire handsfirin ya kara a kunne, muryar ta koma ƙasa-ƙasa, da zai sauka a Ɗan Agundi har da na gode. Ni kaina na yi mamaki. Direba dai ban tanka masa ba, hon yake dannawa ko babu kowa a gabansa, ina ga hannun ne ya saba.

A makaranta ba sai na faɗa ba, aji mai yara sama da yadda kujeru za su ɗauka, ni ma da ihun nake koyarwa, makogwarona har yanzu yana kartata. To ka ga ni ma ba wankakke ba ne.

Lokacin hutu na saukar da wata manhaja mai auna ƙara a waya, don in san ko ni ne mai rakin tsiya. Da desibel ake aunawa. Hirar mutum biyu a natse wajen 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗakin barci da dare bai kamata ya wuce 30 ba in ana son barci mai kyau, sannan ƙarar da ta kai 80 kada kunne ya sha ta fiye da awa 40 a sati. Kuma lissafin ba irin na tumatir ba ne, in an ƙara 10 kunne yana jin kamar an ninka ƙarar biyu ne. Kunnen da ƙara ta kashe kuwa ba ya dawowa, ƙananan gasun da ke can ciki masu ɗaukar sauti in sun mutu sun mutu kenan. Doka ma akwai, NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, ta fitar da ƙa'idojin hana yawan ƙara tun 2009, amma fisabilillahi wa zai kai maƙwabcinsa ƙara a kan janareta, gobe kuma ku haɗu a sahu ɗaya? Mu da ma ba mu buƙatar jiran hukuma, tun muna Islamiyya aka biya mana wasiyyar Luƙman ga ɗansa, aya ta 19, ka sassauta muryarka, mafi munin muryoyi ita ce ta jakuna. Kowa ya haddace. Mai maganin basir ma na tabbata ya haddace.

Yanzu zancen janaretan. Maƙwabcina dattijo ne mai kirki, ranar sunan 'yata shi ya ba mu rumfa kyauta, amma ɗan ƙaramin injinsa a jikin katangar da ke ƙarƙashin tagar ɗakinmu yake ajiye shi, salansar ta fashe, ga hayaƙi. Wata huɗu ina haɗiyewa. Uwargida kullum sai tace ka yi masa magana mana, ni kuma in ce gobe. Na gwada auduga a kunne, na gwada saka karatu a iyafis har barci ya ɗauke ni, na gwada ƙirga numfashi in raina ya fara tafasa, wannan na ƙarshen yana ɗan taimakawa, ba laifi.

Bayan isha'i muka jero daga masallaci, na tuna mutumin adaidaita. Nace Baba, injin nan naku jijjigar da yake a kan siminti tana kwance masa notina, in aka ɗora shi a kan tsohuwar taya zai fi daɗewa, kuma hayaƙin nan ba shi da kyau kusa da tagogi, yana kashe mutane cikin barci ba su sani ba, ga jikokinku a ɗakin da ke kusa. Duk gaskiya na faɗa, kawai dai ban ce yana hana ni barci ba. Yace ai kuwa ka yi tunani ɗana, gobe in sha Allahu a mayar da shi bayan gida wajen rijiya. Tayar ma nace ni zan karɓo wajen mai faci.

Wajen sha ɗaya da rabi aka kawo wuta, yaran layi suka yi ihun da suka saba, injina suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, saura na Baba kaɗai yana ta ɓaɓatu, da alama barci ya kwashe su. Na tura ƙanina ya buga ƙofa yace an kawo wuta, kar mai ya ƙare a banza.

An kashe. Fanka kawai nake ji yanzu, sai wani siririn ƙugi a kunnena na hagu wanda ban lura da shi ba sai da gari ya yi tsit. In bai daina ba zuwa Juma'a zan je a duba min.