Katin da ya rage a akwatin Inna

Watana huɗu a Yamai aka yi mini abin da har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini. Lahadin Jibin Ubangiji ce, ranar da ake raba gurasa a majami'a don tunawa da mutuwar Yesu. Na sa farar shaddar da na zo da ita daga gida, na zauna a layi na uku. Da aka fara zagayawa da gurasa, dattijon da ke riƙe da faranti ya iso kaina, na miƙa hannu, sai ya ɗan janye farantin, ya sunkuyo ya ce, "Ɗana, ka kai wa dattawa katinka na baftisma?" Na ce, "Ban kai ba, Baba." Ya ce, "To, ka yi haƙuri tukuna." Ya wuce. Hannuna na nan a sama, matan da ke bayana suna kallo. Ban san lokacin da na mayar da shi kan cinyata ba.

Bayan an tashi aka kira ni ofis. Ba su yi mini faɗa ba, har ruwan sanyi aka ba ni. Suka ce Kirista a nan Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma tun abin da ya faru a watan Janairun 2015, da aka ƙone majami'u fiye da 40 a garin nan, suke taka-tsantsan da baƙon da ba su san asalinsa ba. Wannan na fahimta. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da ɗayansu ya ce, cikin Hausarsu ta nan, wai abin ba shi da wuya, in shiga ajin baftisma tare da matasa, in lokaci ya yi a sake yi mini.

A sake? Ana binne mutum sau biyu ne?

Haka aka koya mana a ajinmu, ƙarƙashin dalbejiya, a ƙauyenmu da ke wajen Malumfashi. Tsohon fastonmu kan buɗe Romawa sura 6 ya ce ruwan nan kabari ne. Shigarka cikinsa, an binne tsohon mutum tare da Almasihu ke nan, fitowarka kuma ka tashi tare da shi zuwa sabuwar rayuwa. Yakan buga ƙasa da sandarsa ya ce kada wanda ya ɗauka ruwan ne ke wanke zunubi, domin da haka ne da masunta sun riga kowa shiga sama. Jinin Yesu ne ke wankewa, bangaskiya ce ke karɓa, ruwan kuwa shaida ne a gaban Allah da gaban jama'a cewa daga yau kai na wane ne. Kuma a Afisawa 4 an ce Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya. In na yarda aka sake nutsa ni, me nake cewa game da ta farkon? Wasa aka yi?

Ina da shekara 17 aka yi mini, a watan Disamba, hunturu na kaɗawa. Rafinmu ya ƙafe, sai da muka yi tafiyar kusan awa ɗaya zuwa wani tafki. Mu tara ne. 'Yan Zumuntar Mata suna bakin ruwa da tulu da caki suna waƙa. Fasto ya tambaye ni ko na karɓi Yesu ya zama Mai Cetona, na amsa haƙorana na kaɗawa, ya ce da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da ni baya. Da na fito, abin da na fara gani shi ne Baba a tsaye da bargo a hannu yana kuka. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Baba Bamaguje ne. Kakanmu ne ke riƙe da tsafin gida, kuma Baba aka shirya zai gaje shi. Ranar da aka yi masa baftisma, da gemunsa da 'ya'ya biyu, ƙannensa suka daina cin tuwo kwano ɗaya da shi, aka karɓe gonar fadama. Muddin yana zuwa sujada kawai, ba wanda ya ɗaga masa murya, ana cewa zai gaji ya dawo. Shiga ruwan ne ya yanke magana. Su da ba su karanta ko aya ɗaya ba sun fi wasunmu gane abin da ruwan nan yake nufi.

Shi ne yau ake tambayata takarda.

Katin na nan, ko in ce yana nan da. Inna ta ajiye shi cikin akwatin ƙarfenta, tare da nata da na Baba, naɗe a tsohon ɗankwali. Na ce zan sa a aiko. Kafin in samu mai zuwa aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka. Ana cikin haka 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu, mutanen ƙauyen suka watse cikin dare. Inna ta fito da zanin jikinta da jikoki biyu. Akwati ya rage. Littafin rajistar ikkilisiya ma ba wanda ya san inda yake, tsohon faston kuwa ya daɗe da rasuwa, Baba ma haka.

A waɗannan watannin aiki ya buɗe mini. Da Najeriya ta yanke wuta, kowa ya tono janaretansa, ni kuwa gyaransu ne sana'ata. Daga Wadata zuwa Yantala har Harobanda nemana ake, "ina ɗan Najeriyar nan?" Akwai ranar da na koma ɗaki da jaka 40 a aljihu, na aika wa Inna kuɗin hayar ɗaki a cikin gari. Amma duk Lahadin Jibi sai in koma bencin baya, in sunkuyar da kai har faranti ya wuce. Da yamma in tafi gadar Kennedy in tsaya ina kallon kogi. Abin mamaki, a nan lokacin sanyi ne yake cika maƙil, da ruwan da ya taso tun daga duwatsun Gini, daidai lokacin da namu rafukan suke zama rairayi. Nakan tuna mutumin Habasha na cikin Littafi Mai Tsarki da ya ce wa Filibus mai bishara ga ruwa, me zai hana a yi masa baftisma. Shi ma baƙo ne a kan hanya, ba wanda ya ba shi kati ya tafi da shi gida. A duk faɗin garin nan babu mutum ɗaya da ya ga fitowata daga tafkin nan, wannan ne ya fi cin raina.

Wani tsoho ne mutumin Galmi, wanda ya yi aiki shekaru a asibitin mishan na can, ya lura da zamana a baya. Ya ce, "Ɗana, tunda shaida ce, ai a nemo masu shaida." Ya sa na kira Inna a WhatsApp a gaban dattawa. Ba ta iya gajarta magana ba. Ta faɗi ranar, ta faɗi tafkin, ta lissafo mu tara da sunayen iyayenmu, ta faɗi launin bargon, sannan ta kama waƙar da aka yi a bakin ruwa, muryarta na rawa. Biyu daga cikin dattawan suka amsa mata, ashe su ma da ita aka yi musu. Wanda ya janye mini faranti ya kama hannuna da hannu biyu. Na yafe masa, amma ban koma layi na uku ba har yanzu.

Daga cikin mu taran nan, Inna ta ce uku suna Kano, ɗaya Zariya, biyu sun rasu, sauran ba labari. Ita kuma ƙafa ta matsa mata, ba ta iya zuwa sujada sai an ɗauko ta a babur. 'Yata ta fari, da ke wajenta, ta shiga ajin baftisma bana. A cikin gari kwamin siminti suke da shi a bayan majami'a, da jarka ake cika shi. Jiya Inna ta aiko saƙon murya tana tambaya ko zan samu zuwa a Disamba, wai in ba zan zo ba in faɗa da wuri, ta san wanda za ta ba bargon ya riƙe.