Ranar da aka ce min "get the door" na tsaya ina kallon ƙofa

Akwai wani abu da ya faru dani shekarun baya wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni ni kaɗai. Lokacin na fara aiki kenan a wani ofis, ko sati biyu ban cika ba, muna zaune da wani Bature da muke aiki tare, hannunshi cike da takardu ga waya ya maƙale a kunne yana magana, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, ya juyo ya kalle ni yace "can you get the door?" Ni kuma a kaina get ma'anarta ɗaya ce tal, samu, haka aka koya mana haka na haddace, toh sai na yi tsuru ina kallon ƙofar ina cewa a raina in samo ƙofa kuma? daga ina? ga ƙofa nan a jikin bango lafiyarta ƙalau, ko canza ta yake so a yi? Mai ƙwanƙwasawa ya sake bugawa, mutumin ya ajiye takardun ya tashi ya buɗe da kanshi bai ce min uffan ba, wanda wallahi gara ace ya yi magana. Ashe je ka buɗe kawai yake nufi.

Tun daga ranar na sa ma kalmar nan ido, kuma abun da na gano shine get ɗin Turawa kamar "ci" ɗinmu take. Ku duba mana, mu fa muna cin abinci, mu ci jarrabawa, a ci amana, a ci bashi, a ci mutunci, a ci zaɓe, a ci gaba, wuta ta ci gida, mota ta ci mai, kuma babu Bahaushen da ya taɓa tsayawa yana tambaya wai ta yaya ake tauna amana. Kalmar da ke bin ci ita ke faɗa maka wane ci ake nufi. Toh haka get take, in ka ganta kar ka yi saurin fassara ta, leƙa ka ga me ya biyo bayanta tukun.

Kuma ba kalmar da zaka ce bari in kauce mata bace. A lissafin da masu dikshinarin Oxford suka yi na aikatau da aka fi amfani dasu a Turanci, be ce ta ɗaya, sai have, do, say, sannan get ta biyar, tana gaban make da go da know. Ba ita ce ta fi yawan ma'ana a dikshinari ba, wannan kambun set ce ta riƙe shi a bugun 1989 da ma'ana 430, daga baya a 2011 da suka sake aikin run suka ƙirga mata 645. Amma a bakin mutane, cikin hira da fim da chatin, get ce zaka yi ta tuntuɓe da ita.

In suna ne ya biyo bayanta, wato wani abu, nan ne fassarar samu take aiki, shi ma ba kullum ba. "I got a job" na samu aiki, daidai. "I got your message" saƙonka ya iso min. "I got a new phone" yana iya zama saya ya yi, yana iya zama kyauta aka bashi, kalmar bata damu ta faɗa maka ba. "Get me a chair" ɗauko min kujera. "I'll get the kids at 2" zan je in ɗauko yara ƙarfe 2. "She got malaria" zazzaɓi ya kama ta, ka ga nan mu cuta ce ke kama mutum, su kuma mutum ne ke get ɗin cuta. Sai kuma nawa na ƙofa, in waya na ringin ko ana buga ƙofa wani yace "I'll get it", bari in ɗauka ko bari in buɗe yake nufi, in kuma kuna wurin biyan kuɗi ne yace "I'll get this", toh maida walat ɗinka aljihu shi zai biya.

A nan ne kuma ganewa take. "I don't get it" ba wai ban samu ba, ban gane ba. An yi barkwanci kowa na dariya kai baka yi ba sai a ce maka "you didn't get it?" In oga ya gama yi maka bayani kace "got it" shikenan ka gama magana, na gane, na ji.

Inda ni na fi shan wuya shine in sifa ce ta biyo baya, don a nan samu bata da wurin zama sam sam, ma'anar ta koma zama ko canzawa daga wani hali zuwa wani. Dalilin wuyar kuwa daga Hausa ne, mu muna da aikatau guda guda na waɗannan abubuwan, na gaji, ya tsufa, ta warke, ya ɓata, su kuma sai sun haɗa kalma biyu, get tired, get old, get well, get lost. Bambancin be da get a nan shine be tana nuna halin da kake ciki, get tana nuna shigarka cikin halin. "I am angry" raina a ɓace yake. "I'm getting angry" raina ya fara ɓaci, wato ka kiyaye ni. "It's getting dark" duhu ya fara yi. "They are married" ma'aurata ne, "they got married in 2019" an ɗaura musu aure a 2019, shi yasa in kace "I am married last year" Bature zai gane ka amma zai ji wani banbaraƙwai. Guda ɗaya ce ta zo mana da sauƙi, "he's getting better", yana samun sauƙi, nan dai mu da su mun haɗu a kan samu.

Get lost ɗin nan ma a yi hattara da ita. "I got lost" na ɓata hanya, ba laifi. Amma in wani ya dube ka yace "get lost!" ba addu'ar ɓata yake maka ba, ɓace min da gani yake cewa, kuma rashin kunya ce, kar ka gwada ta a kan wanda ya girme ka don ka ji ta a fim.

Daga wannan ne aka samu irin su got arrested, got fired, got caught, got hurt, an kama shi, an kore shi, asirinshi ya tonu, ya ji ciwo. In ka lura yawanci abun da ya faɗo ma mutum ne ba shiri, kuma sau da yawa mara daɗi, duk da dai akwai got paid da got promoted da kowa ke so.

In wuri ne ya biyo baya, isa ake nufi. "What time did you get to the office?" ƙarfe nawa ka isa ofis. Abun lura ɗaya, home da here da there basa ɗaukar to, "I got home late" ake cewa ba "got to home" ba, wannan kuskuren na yi shi ya fi a ƙirga kafin wani ya tausaya ya gyara min.

Yanzu ga wanda nake ganin ya fi amfani kuma masu koyo suka fi gudu, get ta sa wani ya yi abu. "I fixed my phone" ni na gyara wayata da hannuna. "I got my phone fixed" na kai an gyara min. Ka ga da kalma ɗaya an raba mai gyara da mai kai gyara. Haka "I got my hair cut" na je an min aski, in kace "I cut my hair" sai a ɗauka kai ka riƙe almakashin. In kuma zaka ambaci mutumin, sai to ta shigo, "I got him to sign it" na shawo kanshi ya sa hannu, akwai ƙamshin lallashi ko dabara a ciki. Make kuma bata ɗaukar to kuma ita tilas ce, "I made him sign it" na tilasta shi. Mutane suna cakuɗa su suna cewa "I made him to sign", wannan to ɗin ta get ce aka ara mata ba a tambaya ba.

Sai wani tarko da ƙaramin harafi ke haƙa shi. "I got to meet her" na samu damar haɗuwa da ita, abun farin ciki. "I've got to meet her" dole in haɗu da ita. Wannan 've ɗin da ko jin shi ba a cika yi ba shine ya maida dama ta zama dole, kuma a magana da sauri Amurkawa ma haɗiye shi suke suce gotta, "I gotta go", dole in tafi. Have got ita kaɗai kuma mallaka ce kawai, "I've got two sisters" ina da 'yan'uwa mata biyu, babu wani samu da ya faru, duk da got ɗin kamar ta shuɗe maganar yanzu ake. Wanda kunnenshi ya saba da buroka sai ya ƙara kula, don a can "I get money" ina da kuɗi ne, "I no get" bani da shi, amma a daidaitaccen Turanci "I get money" na nufin ina samun kuɗi lokaci lokaci, ina da kuɗi kuwa "I have" ne ko "I've got".

Wai ma daga ina kalmar ta fito? Ba asalin 'yar gida bace gaba ɗaya, daga geta take ta tsohon harshen Nos, yaren Vikings ɗin da suka fara kai hari Ingila wajen shekarar 793 daga baya suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar suka cakuɗu da mutanen wurin. Su suka bar ma Turanci take da egg da sky da they ma. Shi yasa ake furta ta da g irin ta gida, ba j ba kamar general da gentle waɗanda suka biyo ta Faransanci. Gotten kuma da wasu ke ɗauka ɓatancin Amurkawa ne, ita ce tsohuwar siga, da ita Turawan da suka ƙaura Amurka a shekarun 1600 suka tafi suka riƙe abarsu, mutanen Ingila ne suka yar da ita suka tsaya a got, sai ɓurɓushinta a forgotten da ill-gotten. Har ma Amurkawan sun fi morewa, don su "I've got a car" ina da mota ne, "I've gotten a car" kuma na samu mota kwanan nan.

Malaman makaranta da yawa basa son ganin get a rubutu, suce a sa obtain, receive, become, arrive. A takardar neman aiki ko rubutun jarrabawa na yarda dasu. Amma wannan horon ya bar mana wata cuta, sai ka ga mutum abokinshi ya turo mishi hoto a WhatsApp ya amsa da "I have received it", kai kace sakataren ma'aikata ne ke amsa wasiƙa. Ni a ganina wanda ya iya juya get a hira ya fi wanda ya haddace manyan kalmomi 100 jin Turanci, ra'ayina ne dai.

Na bar masu ƙananan wutsiya a ƙarshe don su ba a gama su. Get up tashi, kowa ya sani. Abun hawa kuma akwai 'yar dabara, wanda zaka iya miƙewa tsaye ka taka a cikinshi kamar bas da jirgin ƙasa da jirgin sama get on ne da get off, ƙaramar mota da tasi da sai ka sunkuya get in ne da get out of, keke da babur da doki da ake ɗarewa suma get on. Get along with jituwa, "we don't get along" bama shiri, jininmu bai haɗu ba. Get over warkewa daga ciwo ko daga baƙin ciki, amma in aka ce maka "get over it" ba lallashi bane, ka haƙura haka nan ka dame mu ake nufi. Get by lallaɓawa, irin amsar da mutum ke bayarwa ƙarshen wata, "we're getting by", muna dai maneji. Get rid of rabuwa da abu ko yar da shi. Get back to you zan neme ka, wanda sau tari daga nan baka sake jin ɗuriyarshi. Get used to sabawa, kuma aikatau da ke bin ta sai ya ɗauki ing, "I'm getting used to waking early", na fara sabawa da tashin sassafe.

Akwai ɗaya da na daɗe ina neman Hausarta, get away with, mutum ya yi laifi ba a kama shi ba ko an kama shi ba abun da aka yi mishi, "he lied and got away with it". Na gwada ya tsira, bata zauna ba don tsira ko mara laifi yana yi. Na gwada ya sha, ta ɗan matso. Ina cikin wannan ne ranar nan ƙanwata tana bani labarin wani da ya karɓi kuɗin mutane ya ƙi biya kuma ba wanda ya iya ce mishi kanzil, ta taɓe baki tace ai shikenan yaya, ya ci bulus. Na ce mata tsaya maimaita, ta kalle ni kamar na zare, ni kuwa na jawo waya na rubuta, get away with, cin bulus. Ci ɗin dai ce ta sake fitowa.