Yini guda da baƙin da ke shawarar zama

Laraba, 18 ga Yuni, 2025. Nima.

Ruwa ya kwana yana zuba, bai tsagaita ba sai da aka idar da sallar asuba. Na sha koko da ƙosai a tsaye na tayar da mota, don yau kasuwar Nima, unguwarmu a Akra babban birnin Gana, ke ci, wanda ya makara kuwa sai ya tarar motocin hatsi da aboboya, baburan nan masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, sun toshe hanya. Kafin bakwai ina Osu, a ƙofar masaukin baƙina.

Mata da miji ne, baƙaƙen fata daga Amurka. Ita malamar makaranta ce da ta ajiye alli, shi kuma tsohon ma'aikacin gidan waya. Zuwansu na farko a Disambar 2019 ne, shekarar da gwamnatin Akufo-Addo ta yi shelar jikokin bayi su zo su ga gida, da aka cika shekara 400 da sauke bayin Afirka a Virginia a 1619. A lokacin sun je Cape Coast da Elmina, sun shiga kurkukun da aka tsare kakanni, sun sha kuka, sun sha rawa, sun koma. Wannan karon da littafi da biro suka zo. Madam tana so su tattara su dawo nan gaba ɗaya. Maigidan bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba, lissafi kawai yake yi.

Lissafin ne ya fara ba shi haushi tun a wurin 'yan canji. Ya ce a watan Afrilu da suka zauna suka tsara kasafinsu, dala ɗaya ta haura sidi 15. Yau a banki ba ta kai 11 ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fanshonsa ya narke ba tare da ya sayi ko allura ba, kuma bai ga an rage kuɗin abinci ko na masauki ba. Na ce masa ni ma ban gani ba. Na tuna masa cewa a Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100, a lokacin masu dala ne ke dariya, mu muna kuka. Ya rubuta wani abu a littafinsa. Madam ta ce da shi ya daina ɓata mata safiya.

Gidan farko a East Legon yake. Dillalin bai buɗe ƙofa ba sai da ya karɓi kuɗin gani. Ɗaki biyu da falo, a sama, fenti sabo fil. Madam ta fita baranda ta ga bishiyar mangwaro, shi ke nan, ranta ya zauna. Maigidan ya wuce kicin ya murɗa famfo. Famfon ya yi tari sau biyu, ya huro iska, ya yi shiru. Dillali ya ce ai akwai tanki a baya, motar ruwa ce ba ta zo ba tukuna. Ni kuma ina ƙasa ina kallon katanga. Daga ciki an shafe ta da fenti, amma daga waje akwai layin laka da ya kai gwiwa, ga ledojin fiya wata da ruwan daren jiya ya jibge a bakin kwalbati. Na kira maigidan na nuna masa, ban ce komai ba. Wanda zai kama gida a Akra, a Yuni ya kamata ya zo dubawa. A Disamba, da hunturu da hazo da kiɗa a kowace kusurwa, duk unguwa kyakkyawa ce.

Da aka zo maganar kuɗi, da dala aka faɗa, kuma na shekara biyu a dunƙule. Madam ta karanta a intanet cewa dokar haya ta 1963 ba ta yarda mai gida ya karɓi fiye da na wata shida ba. Gaskiya ta karanta. Dillalin ya yi murmushi ya ce, “Mami, dokar tana nan, gidan ma yana nan, sai ki zaɓi wanda za ki kwana a ciki.” Ban so bakinsa ba, amma ba ƙarya ya yi ba. Mu ma a Nima da Mamobi haka muke biya, ɗaki ɗaya da banɗakin haɗaka, shekara biyu gaba. Abin da ban faɗa wa baƙina ba shi ne, duk sanda irinsu suka biya ba tare da tayi ba, labari yana zagayawa, masu gidaje su ƙara wa kowa. Ba laifinsu ba ne, amma a jikinmu yake ƙarewa.

Daga nan muka bi ta Madina da Adenta muka nufi wajen Oyarifa, inda wani saurayi ke jiranmu da taswirar fili a cikin leda. Hanyar da ta rabu da kwalta ta zama kunu, ina ji ƙasan mota yana gurzar dutse. Filin kansa ba laifi, a kan tudu, ana hango duwatsun Aburi. Sai dai katangar maƙwabta an rubuta mata da jan fenti cewa wannan wuri ba na sayarwa ba ne, ana shari'a a kansa. Madam ta tambayi dalilin da zai sa mutum ya rubuta haka a jikin abinsa. Na ce saboda in bai rubuta ba, wani zai sayar masa da shi yana barci.

A nan na ɗan zage na yi musu bayani, don wannan ne inda mutane ke zubar da gumin shekara talatin. Yawancin ƙasa a Gana a hannun sarakuna da dangi take. Wani ɗan dangi ya sayar maka, ɗan'uwansa ya sayar wa wani, sarki ya rasu sabo ya hau ya ce bai san zancen ba. Ranar da ka kawo bulo da yashi, sai ga samari a kan babura sun zo karɓar kuɗin haƙa, waɗanda ake kira langad. Doka ta haramta su, amma ba su ɓace ba. Kafin ka ba kowa sisi sai ka ɗauki lauya naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, a je Hukumar Filaye a bincika sunan wa ke kan takarda, a tambayi maƙwabta, a tambayi fada. Sannan tsarin mulkin 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili har abada. Haya ce, kuma ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda.

Maigidan ya yi dariya karon farko yau. Ya ce shekararsa 68, in aka ba shi 50 ai har da canji. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce ba don kanta take so ba, don jikokinta ne, tana so su san akwai wani wuri a duniya da ba wanda zai ce musu su koma inda suka fito. Saurayin mai taswira ya ga zancen ya yi nisa, ya ce in sun biya rabi yau zai rage musu. Muka yi masa sallama.

Muka hau Aburi cin abinci. Iskar can daban ce, shi ya sa tun 1890 Turawan mulki suka kafa lambun nan a wurin. A teburin kusa da mu akwai wani tsohon Bature ɗan Ingila, fatarsa ta ƙone ta yi ja, yana cin banku da hannu. Ya daɗe a nan, matarsa 'yar Akuapem ce. Shi ya sako kansa cikin hirar. Ya ce fanshon gwamnatin ƙasarsu tun ranar da ya tare a Gana aka daskarar da shi, ba ya samun ƙarin da ake yi wa na gida duk shekara. Ya ce zafin Maris ya saba da shi, zazzaɓin sauro ma ya saba, ɗauke wuta ya saya mata sola. Abin da bai saba da shi ba shi ne tunanin daren da ƙirji zai riƙe shi, ga gangaren Aburi, ga cunkoson Madina, kafin a kai asibitin Korle Bu ko asibitin sojoji na 37 a Akra.

Nan maigidan ya ajiye cokali. Ashe abin da ke cin sa ke nan tun safe. Yana da ciwon suga, yana shan maganin zuciya. Inshorar tsofaffi ta Amurka, Medicare, wadda ya yi aiki rayuwarsa duka kafin ya samu, ba ta bin mutum zuwa ƙasar waje. A nan kuwa asibitin kuɗi mai kyau akwai, amma sai ka ajiye kafin a taɓa ka, na gwamnati kuma kowa ya san labarin “babu gado”. Likitocinmu sun iya aiki, yawansu ne bai kai ba, da yawa ma suna can ƙasashen da baƙin nan suka baro.

Madam ta kawo zancen Du Bois, masanin nan baƙar fata ɗan Amurka mai fafutukar 'yancin baƙaƙe. Ta ce yana da shekara 93 ya taso ya zo Gana a 1961, ya rasu a Akra a Agustan 1963, kabarinsa yana Cantonments, jiya ma sun je. In tsoho kamarsa bai ji tsoro ba, su mene ne nasu? Maigidan ya ce, “Shi Nkrumah ne ya gayyace shi ya ba shi gida. Mu wa ya gayyace mu, dillali?” Baturen ya ƙyalƙyale har ya sarƙe. Madam ta juya ta kalli taga. Duk gangarowarmu ba wanda ya ce uffan, sai rediyo.

Da la'asar ta ce tana son kayan yaji, na kai su kasuwarmu. Ta sayi kanumfari da citta da masoro da daddawa, 'yan matan suna ta kiranta oburoni, abin da ke sosa mata rai duk sanda ta ji. Ta tsallako teku don ta zo gida, yara suna kiranta da sunan da suke kiran Bature. Tunda mun zo bakin lungunmu, na ce su shigo su gaida Kawu.

Kawu yana kan buzunsa a zaure da carbi. Aka kawo musu kujera da fura mai sanyi. Na faɗa masa abin da ya kawo su. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, “Kai, gaya musu mu ma baƙi ne da suka zauna.” Mahaifinsa fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya yi Kumasi, ya gangaro nan, yana cewa baɗi zai koma, har aka binne shi. Sai Kawu ya shiga labarin 1969, wanda na sha ji amma ban taɓa fassara shi ga kowa ba. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Yana saurayi a lokacin. Ya ce maƙwabcinsu Bayarabe mai kanti ya sayar da gidansa a kuɗin da bai kai na ƙofofin ba. Ya ce akwai waɗanda a nan aka yanke musu cibiya, aka loda su a akori-kura zuwa garin da ba su taɓa gani ba. A 1983 kuma Najeriya ta rama, ta koro 'yan Gana wajen miliyan guda.

Madam ta ce ai yanzu zamani ya canza. A Nuwambar bara an ba mutum 524 irinsu takardar zama 'yan ƙasa a rana ɗaya, kafin nan a Mayu an ba mawaƙi Stevie Wonder. Na fassara. Kawu ya ce madalla, Allah ya sa alheri, kuma in za su zauna to su nemi takardar nan tun gwamnati tana fara'a, kada su tsaya ga marhabin da baki. Ni dai na yi shiru. A nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni, amma ranar da na je neman wata takarda sai da jami'in ya dubi sunana ya tambaye ni garin kakana. Ba na baƙin ciki da abin da aka ba su, kakanninsu da sarƙa aka fitar da su. Ina dai lura.

Da za su tashi Kawu ya riƙe hannun maigidan ya ce, “Tambaye shi, in ya kwanta ciwo wa zai zo dubiya? In ɗayansu ya cika, wa zai tsaya da wanda ya rage?” Na sassauta kalmomin kafin na juya su. Maigidan ya ce suna da 'ya biyu da jikoki a can, da cocin da ya yi shekara arba'in yana zuwa. A nan kuwa ni suka sani, da wata mata mai yi musu wanki. Kawu ya ce to kada su sayi komai tukuna. Su kama haya cikin mutane, ba bayan doguwar katanga ba, su ga zafi su ga damina, su je suna su je jana'iza, in shekara ta zagayo sun san sunan mai waken unguwarsu ita ma ta san nasu, sai a yi maganar fili.

A hanyar Osu suka fara magana da juna a hankali. Abin da na tsinta shi ne, shi tikitinsa na Yuli yana nan yadda yake, yana da ganin likita. Ita kwana 60 aka buga mata a filin jirgi, tana so in kai ta ofishin shige da fice a ƙara mata. Ta kuma ce a manta da East Legon, a duba mata wajen Adenta ko Madina, ɗaki ɗaya, wata shida. Na ce Juma'a sai bayan an sauko daga masallaci.

Bayan isha'i dillalin safe ya turo mini saƙo ta WhatsApp. Wai in na shawo kan Madam ta kama gidan nan mai mangwaro, akwai nawa a ciki, ya ma faɗi adadi, kuma adadin ba na wasa ba ne. Na nuna wa uwargida, ta ce in goge lambarsa. Na ce ta bari tukuna in ji abin da bakanike zai ce gobe, don tun hanyar Oyarifa ƙafar motar ta dama ke ƙara.