Ƙuri'u 130 na Afirka gaba ɗaya

Jiya aka rufe zaɓen wata ƙungiyarmu ta masu aikin intanet, ni kuwa ban jefa ƙuri'a ba. Saƙon ya zo, na ce anjima, anjimar ta wuce. Da safe na ga an rubuta wai membobi sun amince.

Sai na tuna zaɓen ICANN na 2000, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet. Ƙuri'u 130 kacal aka kaɗa daga Afirka, Nii Quaynor na Ghana ya ci kujerar wakilin nahiyar a majalisar daraktocin hukumar. Gogagge ne, ba shakka. Amma nahiyar ce ta yarda?

An ce shirun budurwa yarda ce. Nawa shirun dai, wallahi, mantuwa ce da ƙarewar data.