Horar da kwikwiyo tun yana ɗan wata biyu

Yawancin masu ajiye kare a gidajenmu, na gadi ne ko na farauta, ba sa tuna horo sai ya girma ya fara dira a jikin baƙi ko ya fatattaki akuyar maƙwabta. A lokacin aikin ya riga ya ninka. Horo yana farawa ne ranar da aka kawo shi gida yana da sati 8. Kada a raba shi da uwarsa kafin nan, domin wajen kokawa da 'yan uwansa yake gane cewa cizo da ƙarfi yana kashe wasa.

Abin da komai ya rataya a kai shi ne lokacin ba da tukuici. Kwikwiyo yana haɗa abin da ya samu da abin da yake yi a daidai wannan lokacin, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan ya zauna, ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe sannan ka ba shi, to miƙewa ka koya masa. Saboda haka tukuicin ya kasance a hannunka tun kafin ka buɗe baki. Dafaffiyar hanta ko tsokar kaza ba gishiri, a yayyanka kamar girman ƙwayar wake, ita ta fi. Ban da tsire da kilishi, saboda yaji, sannan albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya soke shi a ciki. A yi darasin kafin ya ci abinci, minti 3 zuwa 5, sau uku ko huɗu a rana, da safe da yamma lokacin da ƙasa ba ta ƙona tafin ƙafa.

A fara da sunansa. Ka kira sau ɗaya, da ya juyo ya dube ka sai ka ce "yauwa" ka ba shi. Wannan "yauwa" ɗin ita za ta zama alamar cewa ya yi daidai, don haka kada a canza ta.

Sai "zauna". Riƙe guntun hanta daf da hancinsa, ka ɗaga shi a hankali zuwa saman kansa, ka ɗan yi baya da shi. Kansa zai bi hannun sama, gindinsa ya sauka da kansa. Da ya taɓa ƙasa: "yauwa", tukuici. Idan yana tsalle, hannunka ya yi sama da yawa. Idan yana ja da baya, a yi darasin a jikin bango. Kada ka danna bayansa, turjewa zai yi. Kalmar kanta sai ya fara bin hannun ba gardama za a shigo da ita, a faɗe ta sau ɗaya tak. Mai cewa "zauna, zauna, na ce zauna" yana koya masa ne cewa sai an yi uku ake zama. Da ya gane, a riƙa yin alamar da hannu wayam, tukuicin ya fito daga ɗaya hannun, in ba haka ba sai ya ga nama zai yi biyayya.

"Zo" ita ce kalmar da za ta iya ceton ransa a bakin titi, kuma ita aka fi ɓatawa. Mutum zai kira kare, ya zo, ya dake shi don ya yaga takalmi, ko ya ɗaure shi nan take. Gobe ya kira, karen ya tsaya nesa yana kaɗa wutsiya, a ce taurin kai ne. Ba taurin kai ba ne, lissafi ya yi. A fara a tsakar gida da tazarar taku biyu: ka durƙusa, ka kira shi da sakin murya, in ya iso ka riƙe abin wuyansa da hannu ɗaya ka ba shi da ɗayan, sannan ka sake shi ya koma wasansa. A waje a sa masa doguwar igiya mai kamar mita 5. Idan ya gudu kada ka bi shi, wasan tsere zai ɗauka. Juya ka yi gaba, shi zai biyo ka.

A gidan da ba a son kare ya shiga ɗaki ko ya taka wurin salla, a koya masa iyakarsa tun yanzu. A shimfiɗa masa buhu a inuwa, duk lokacin da ya hau a ba shi tukuici a can, in ya nufi ƙofar ɗaki a tare shi a mayar da shi. Amma sai gidan duka sun yarda. Idan yara suna shigar da shi a ɓoye, ba abin da zai zauna masa.

Kashi da fitsari kuwa sha'anin agogo ne. Ɗan wata biyu ba ya riƙe fitsari fiye da kamar awa biyu. A kai shi wuri guda da zarar ya farka, bayan ya ci, da bayan wasa. Goga hancinsa a kashin da ya yi ɗazu ba ya koya masa komai sai ɓuya.

Tsakanin wata 3 zuwa 6 yana famfara, zai tauna duk abin da ya samu. In ya kama hannu, a tsayar da wasa, a miƙa masa ƙullin igiya mai kauri.

Kafin a fita da shi unguwa, a ga likitan dabbobi. Rigakafin fabo, cutar nan mai sa amai da zawon jini, ana fara shi daga sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16, allurar ciwon haukan kare kuma a wata 3. Kafin a kammala, a bar shi ya saba da mutane, ƙarar babur da kaji a cikin gida, amma kada a ajiye shi inda karnukan titi suke kashi.