Hannun da nake ɓoyewa a ƙarƙashin benci

Har na gama sakandare ban daina ƙirga da gaɓoɓin yatsu ba. Malam zai ce bakwai sau takwas, aji ya amsa baki ɗaya, ni kuwa hannuna na ƙarƙashin benci ina ta fama a ɓoye. Sau biyu na zauna WAEC ban samu kiredit a lissafi ba, na haƙura, na ce Allah bai ba ni kan abin ba.

Bidiyoyin Khan Academy ne suka dawo da ni. Salman Khan ya faro su ne daga koya wa 'yar uwarsa Nadia lissafi a 2004, kafin ya fara ɗora darussa a YouTube. Nakan sauke su da tsakar dare lokacin da data ke araha. In tsayar, in maido baya sau goma, babu mai yi mini tsaki. Sai dai na ɓata wata biyu ina kallo ina gyaɗa kai, a zatona na iya. Gani ba ci ba ne. Sai da na koma kife wayar ina warware tambaya da biro sannan abin ya zauna.

Da na shiga aljabara da jiyometiri na ga abin mamaki: hujjar takan fito mini sarai, a ƙaramar ƙirga nake tuntuɓe. A nan na san akwai larurar da ake kira diskalkuliya, wadda wani masani mai suna Ladislav Kosc ya fayyace a 1974, take kuma shafar kusan yara 3 zuwa 6 cikin 100. Mai ita yakan kasa gane yawan abu da kallo ɗaya, ko ɗigo huɗu ne sai ya ƙirga. Ba a taɓa gwada ni ba, don haka ba na laƙaba wa kaina ita.

Ko masanin lissafi zai iya samun wannan larura? A ganina zai iya, domin saurin sarrafa lamba daban, bin hujja daban. Ana ba da labarin Alexander Grothendieck, wanda ya ci babbar lambar yabo ta lissafi, wato Fields, a 1966, cewa an nemi ya kawo lambar da ba ta rabuwa, ya ce 57, alhali 3 sau 19 ce. Wannan tuntuɓen harshe bai isa shaidar larura ba, amma ya sanyaya mini zuciya matuƙa.

Yanzu ina yi wa yaran unguwa lesin da yamma. Jiya na hango wani yana cusa hannu cikin aljihun riga, leɓɓansa na motsi. Na ce masa, "Fito da shi, ƙanena, ƙirga a fili, muna jiranka."