Na fara hawa babur ina da shekara 41

Kafin shekarar 2023 goyo kaɗai na sani a babur. Na yi zamanin acaba a Kano kamar kowa, kullum daga Rijiyar Lemo zuwa Kantin Kwari inda nake sayar da yadi, har watan Janairun 2013 da gwamnati ta hana acaba, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Daga baya Allah ya hore mini wata tsohuwar mota, ina lallaɓa ta. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, sai na zauna na yi lissafi, na ga motar nan za ta cinye ribar shago. Na jingine ta, na sayi Bajaj Boxer, wadda kowa ke kira Boksa.

Ƙanena ne ya koya mini, ranar wata Juma'a bayan la'asar, a filin ƙwallon wata firamare. Ya nuna mini yadda ake buga kik, a kama kuloci, a sa giya, a saki a hankali ana jan totur. Sau huɗu yana mutuwa a hannuna, a na biyar na tashi. Kafin a kira magariba na zagaya filin ya fi sau ashirin. Ya tafa mini ya ce, "Yaya, ai ka iya. Gobe ma ka tafi kasuwa da abinka." Na tambaye shi birki fa? Ya ce, "Na ƙafa kawai za ka riƙa takawa. Kada ka kuskura ka taɓa na hannu, kayar da mutum yake yi."

Haka akasarinmu muka koya, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma haka aka koya masa. A yini ɗaya ake nuna wa mutum yadda zai tashi babur, ba wanda ke zama ya nuna masa yadda zai tsayar da shi.

Hular kwano kuwa, uwargida ce ta kafe. Ta ce in dai ba da ita ba, gara in koma hawa Adaidaita Sahu. Na saya don a zauna lafiya, mai rufe haɓa, baƙa, da gilashi a gaba. Ranar da na fara shiga layinmu da ita a kasuwa, maƙwabtana suka yi ta dariya. Wani ya ce ga ɗan sama jannati ya sauko. Na ji nauyi ƙwarai, har na fara cire ta tun daga nesa in rataye a hannun babur.

A wata na biyu na faɗi. Damina ce, an yi ruwa da rana, ruwan ya kwaso yashi ya shimfiɗa a gefen kwalta. Ina komawa gida bayan magariba, gudun bai wuce 40 ba. Wani mai Adaidaita da ke gabana ya hango fasinja, ya ci birki ba sigina. Na taka na ƙafa da ƙarfina, tayar baya ta daskare ta fara zamewa gefe. Da na ga zan shige masa sai na damƙe na hannu gaba ɗaya, alhali kan babur a karkace yake, tayar gaba kuma tana kan yashi. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar kaina a kan dakalin gefen titi, kamar an buga tulu.

Jama'a suka taru, ana ta salati, aka ɗaga babur daga kan ƙafata. Silifas ɗina ɗaya ya yi gabas ɗaya yamma, farcen babban yatsana ya fita. Salansa ta kwanta a kan ƙwaurina na dama ta ƙona ni, tabon yana nan har gobe. Tafukan hannuna biyu sun saluɓe, domin duk wanda zai faɗi hannu yake fara miƙawa. A wani ƙaramin asibiti aka yi ta tsince mini tsakuwa daga cikin nama ɗaya bayan ɗaya. Mako uku ban iya auna yadi ba, ban iya riƙe almakashi ba, abinci sai da cokali, alwala sai an taimaka mini.

Washegari na sa aka miƙo mini hular. Gefenta na dama, daidai saman kunne, ta tsage kamar tsawon ɗan yatsa, fentin ya kankare. Na sa ɗana ya zare yadin ciki, sai ga farin soson nan mai tauri, irin wanda ake samu a kwalin sabon firij, ya lotsa ya yi kwarmi kamar an danna shi da gindin kofi. Na daɗe ina kallon kwarmin nan. Ko ciwon kai ban kwana da shi ba.

Soson nan shi ne hular. Kwanon waje aikinsa ya hana wani abu huda kai, ya kuma baza ƙarfin bugun. Soson ne ke murƙushewa ya shanye bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma sau ɗaya yake wannan aiki, in ya lotsa ba ya dawowa. Shi ya sa hular da ta taɓa shan bugu ta gama yi, ko da daga waje ba a ga komai ba, shi ya sa kuma nake tsoron ta gwanjo, wadda ba ka san abin da ta gani ba. Hular leburorin gini da wasu ke ɗorawa ba ta da wannan soso sam, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. In za ka saya, zare yadin ciki ka danna da babban yatsa. In katifa ce mai laushi kaɗai ka tarar, ajiye musu kayansu. Masu kyau suna zuwa da tambarin tabbatar da inganci, ECE na Turai ko DOT na Amurka, amma sitika ba ta da wuyar bugawa, don haka hannunka ya fi ta gaskiya. Ta kama kanka, kada ta riƙa juyawa in ka girgiza. Igiyar haɓa kuma a ɗaure ta. Hular da ba a ɗaure ba ita ke fara barin mutum tun kafin ya kai ƙasa.

Na tuna farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular daga ranar 1 ga Janairu. A nan Kano muka ga 'yan acaba sun kifa ƙwarya a ka, wasu gwangwanin fenti. Fasinjoji suka ce ba za su sa hular da kowa ya sa ba, wasu don ƙwarƙwata, wasu don tsoron asiri. Ni ma na yi dariya a lokacin. Ina ganin tun ranar muka ɗauki hular a matsayin abin da hukuma ke so, ba abin da kanmu ke bukata ba, da aka daina kamu kuwa kowa ya yar.

Na san dalilan, don ni ma na kawo su. Akwai zafi, musamman a Afrilu, wannan gaskiya ne, ka iso kasuwa kai ya jiƙe sharkaf. Akwai hular kai, mutum ya ba da wankin zanna an kafa masa ita, ba ya son ta lanƙwashe. Tawa a jaka take zuwa yanzu, in na sauka in sa. Sai kuma maganar da na fi ji, cewa in kwana ya ƙare ko hular ƙarfe ka sa sai ka tafi. Ban musa ba, haka yake. Amma tsakanin mutuwa da lafiya akwai fili mai faɗi. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya ga matasa a kwance, ƙafa a rataye. Akwai kuma wanda ya bugu a ka ya rayu, amma bai ƙara gane 'ya'yansa ba. Kwanansa bai ƙare ba, iyalinsa ne ke jinya shekara da shekaru.

Da na warke na sayi sabuwar hula, da safar hannu mai fata a tafi, da takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu, da wata jaket mai kauri. Babbar riga kuwa na daina hawa da ita, ninke ta nake in ɗaure a kariya, saboda na taɓa ganin sarƙa ta kama gefen rigar wani dattijo ta fizge shi. Haka hijabi da zanin matan da ake goyawa. Don Allah a riƙa tattare su a cinya kafin a tashi.

Birki kuma wani tsohon bakanike ne ya warware mini, mutumin da ya fara gyara tun zamanin Vespa. Na ba shi labarin faɗuwata, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ba birkin gaba ne ya kayar da kai ba, damƙar da ka yi masa ce." Ya ce in mutum ya ci birki nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa, ta baya ta yi sakayau, don haka kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a gaba yake. Matsa shi ake yi sannu a hankali kamar ana matse lemon tsami, tare da na ƙafa, kan babur a miƙe. A kan yashi ko cikin kwana kuwa, tun kafin a shiga ake rage gudu.

Na koma filin firamaren nan, amma a kan wani busasshen wuri mai tauri. Na ja layi da ƙafa, in taho da gudu ɗaya, in na iso layin in ci birki, in sauka in ƙirga taku. Da na ƙafa kaɗai sai na yi ta ja har nesa, baya yana wutsil-wutsil. Da biyun tare, wajen rabin wannan nisa nake tsayawa. Na yi haka kullum bayan asuba kusan mako biyu, har yatsuna biyu suka saba zama a kan birkin ba tare da na tuna ba.

A watan Janairun da ya biyo baya na yi tafiyata mai nisa ta farko, zuwa Daura, kilomita ɗari da ɗoriya. Tun daren na sa an canja baƙin mai, an ɗaure sarƙa an shafa mata mai, an duba iskar taya. Na ɗauki fulogi ɗaya, tif ɗaya, sifana biyu da gorar ruwa. Na so fita da asuba, amma hazo ya rufe gari, na jira sai da rana ta ɗaga. Sanyin hunturu a kan babur daban yake da na tsakar gida, ta hannun riga yake shiga ya zauna a ƙirji.

A Dawanau na sha fama da manyan motocin hatsi da riɗi. In tirela ta taho daga gaba, iskarta ture mutum take kamar an bangaje shi da kafaɗa, sai na koyi matsawa gefe, in matse tanki da gwiwa, in sassauta hannu. Na riƙe gudu tsakanin 60 da 70, Boksa ba ta son fiye da haka, ni ma ba na so. Bayan Dambatta hanya ta yi shiru, sai karan dawa a tsaye a gonaki da awaki masu tsallaka titi ba shawara. Duk kusa da ƙauye rage gudu nake, don inda akuya ta fito yaro na biye da ita.

Da duwatsun Kazaure suka fara bayyana cikin hazo na tsaya wajen wani mai shayi, yatsuna sun ƙage. Na riƙe kofin da hannu biyu ina ɗumama su. Na bi hanyar nan a mota ba adadi, amma ban taɓa sanin tana da ƙamshi ba sai ranar, hayaƙin kara, ƙosai a bakin tasha, danshin fadama in an gangara. Na shiga Daura kafin azahar, na yi salla, na je Rijiyar Kusugu aka ja mini ruwa da guga na sha. Kongolam tana gaba kaɗan, daga nan sai Matameye sai Damagaram, kuma raina ya biya. Amma na yi wa uwargida alkawarin ba zan yi tafiyar dare ba, fitilar Boksa ba ta nuna rami sai an zo kansa. Ƙarfe biyu na juyo. Da na sauka a ƙofar gida na cire hula, gilashin ya yi ja da ƙura, ga gawar wani babban ƙwaro manne daidai saitin idona na hagu.

Tsohuwar hular tana kan kantar shagona, wajen da ya tsage yana kallon ƙofa. Masu kirana ɗan sama jannati sun gaji sun bari, mutum biyu a layinmu ma sun sayi tasu. Ƙanena ne har yanzu ban shawo kansa ba. Na saya masa irin tawa da kuɗina, ya karɓa ya yi godiya, amma jiya da ya zo gaishe da Hajiya a hannun babur na gan ta a rataye. Na ce ranar Asabar bayan asuba mu haɗu a filin firamare, ya zo da ita a kansa, zan ja masa layi ya ƙirga takunsa da kansa. Ya ce, "To Yaya, Allah ya kai mu."